Ta Ƙaramar Ƙofa

Na saye ta a Dilimi, gwanjo ce, siririya,
kamar littafin rubutu mai falle arba'in.
Mai shago ya ce, "Kanta fayau yake,
an wanke shi tas tun kafin ta hau jirgi.
Kai za ka zuba mata hankali."

Na iso Unguwar Rogo da faifai a aljihu,
aro ne daga Davou, mai gyaran waya a bakin layinmu.
Na juya ta dama, na juya ta hagu,
na bi gefenta da farce
kamar mai laluben zif a cikin duhu.
Ba tsaga, ba aljihu.
Faifai na ta walƙiya a hannuna,
ga abinci, ba bakin ci.

Davou ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
"Ai an daina haihuwarsu da baki, Malam Zubairu.
Nemo filas mai giga takwas,
ta ƙaramar ƙofa za mu shiga.
Sai dai ka sani:
duk abin da ke cikinsa zai tafi.
Ba a dama sabuwar fura a ƙwaryar jiya."

Filas ɗaya gare ni.
Shuɗi, marufinsa ya ɓata,
yana rataye da makullin ɗakina.
A cikinsa akwai kakana Ɗanjuma,
minti tamanin da uku na muryarsa,
yana labarin haƙar kuza a Bukuru,
yadda ruwa ke cin rami da dare,
yadda ake awon wahalar mako da gwangwani ɗaya,
tari na katse shi, yana cewa, "Ina muka tsaya?"
Damina biyu ke nan da ya tsaya.

Na kwafe shi a kwamfutar Davou.
Na kwafe shi a wayata, na kori hotuna ɗari don ya sami wuri.
Na tura wa ƙanwata Rabi'atu a Farin Gada,
na kira ta, na ce ta kunna in ji.
Sai da na ji tarin ta cikin waya.

Allo ya tambaya: ka tabbata?
Yatsana ya yi nauyi kamar dutsen Shere.
Na danna.

Daga nan sai aikin haƙuri.
Kashe, kunna, a buga F12, ta yi biris.
A buga F2 kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma,
har shuɗin ɗaki ya buɗe,
inda ake gaya wa na'ura wa za ta fara gaisarwa in ta farka.
Na ɗaga filas sama da kowa.

Kashi goma sha biyu.
Ruwa ya kece a kan kwano.
Kashi arba'in.
Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kama mini ƙafa.
A sittin da ɗaya aka ɗauke wuta,
batirin gwanjo kuwa alkawarinsa gajere ne.
Davou ya ruga cikin ruwan, buhun leda a ka,
ya tayar da ƙaramin janaretansa,
ni ina rungume da ita a ƙirji
ina ƙirga jan ɗigo.

Wajen sha ɗaya da rabi ta farka,
ta tambayi harshe, ta tambayi lokaci,
ta tambayi sunana kamar baƙuwa mai ladabi.

Ban sa mata komai ba tukuna,
ko manhajar rubutu.
Kakana na fara shigarwa.
Ya yi gyaran murya ta sabuwar lasifika,
ya yi tari, ya ce, "Ina muka tsaya?"

Faifan kuwa Davou ya ce in riƙe.
Yana can rataye a kan tumatirin bayan gida,
yana juyi,
yana kashe wa tsuntsaye ido.